Harsashin da Lukman Ya Kawo

In ka shigo unguwar Dagmanet a Agadas ta wajen masu gawayi, ka bi lungun da ya karkata bayan masallacin ƙasa, za ka tarar da wani dogon dattijo zaune kan buhu a ƙofar gida, da risho a gabansa an kwance shi gunduwa-gunduwa. Baba Muttaka ke nan. Yaran yanzu mai gyaran risho da kwaɗon ƙofa suka san shi. Mu kuwa da muka girme su, Muttaka mai dila muka sani, wanda masu garka na kwarin Telwa ke aiko wa da albasa da ɗan akuya don kawai kada ya manta da su. Bindigar da yake harbe musu dila da ita, tuni ya miƙa ta ga hukuma da hannunsa. Bari in ba ku labarin yadda aka yi.

Ɗan maƙera ne. Ya tashi yana jan zuga-zugi a gaban ubansa, shi ya sa ƙarfe ba ya ɓoye masa komai. Da ya zama saurayi sai ya bi wani nasara mai aikin ma'adinai wajen Arlit, yana nuna masa hanyar daji ran Lahadi. Da nasaran zai koma ƙasarsu ya bar masa karabin ɗinsa, wata siririyar bindiga mai madubin hange a bisa. Muttaka ya nemi permi, wato takardar izinin riƙe bindiga, ya samu, ya dawo Agadas, ya auri Saratu, ya kama sana'ar da ba wanda ya taɓa yi a danginsu.

Ai kun san dila. Ba ya shiga tarko sau biyu, kuma yana jin warin mutum tun mutum bai gan shi ba. In ya gane garken awaki, sai ya mayar da shi kasuwarsa. Ba a matsa masa, sai dai a harbe shi daga nesa, nisan da yake zama kamar ƙwayar wake a ido. Muttaka kan hau dutse ya kwanta rub da ciki, ya ɗebi rairayi ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya jira. Harbi ɗaya yake yi. Ya ce dabbar da za ka kashe tana da haƙƙi ɗaya a kanka, kada ka wahalar da ita.

In an zauna shan shayi aka tambaye shi sirrin, ba ya rowa. Sai ya zare ƙarfen bayan bindigar, ya ɗaga ta wajen rana, ya ce ka leƙa.

"Me ka gani?"

"Rami."

"Rami! Allah ya ba ka lafiya, makaho. Sake dubawa."

Sai ka ga wasu siraran layuka a ciki, sun murɗe kamar tufkar igiya tun daga gindi har baki.

"To wannan tufkar ita ce bindiga, sauran duk ado ne. Ita ke sa harsashi juyi, kamar mazarin tsohuwa. Mazari in yana juyi da ƙarfi tsaye yake ƙyam. Ya rage juyi, ya fara tangaɗi. Kowace bindiga da tufkarta. Tawa sako-sako ce, sai harsashi ya yi tafiyar taƙi ɗaya da rabi kafin ya cika juyi guda. Don haka gajere take so, mara nauyi. Ka ba ta dogo, ko da bakinsu ɗaya, ba za ta iya juya shi yadda ya isa ba. Zai fita kamar mutumin kirki, a hanya ya fara layi, ya isa a kaikaice, ko ma ya tafi ziyara wani gari."

Shi ya sa yake da ƙa'ida. Duk sabon ƙunshin harsashi, sai ya kafa kwali a nesa ya gwada. In hujin ya fita zagaye, madalla. In ya fita dogo kamar an tsaga da wuƙa, ya mayar wa mai shi. Shekara da shekaru bai taɓa tsallake wannan ba.

Allah ya ba su 'ya'ya mata, duk sun yi aure, da namiji ɗaya, Lukman, kuma shi ne ɗan fari. Kun san kunyar ɗan fari a wajen mutanen da. Muttaka bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci akushi ɗaya da shi ba. In Lukman ya shigo zaure, uban sai ya tuna yana da aiki a waje. Amma in yaron ya yi zazzaɓi, Muttaka ne ke kasa cin tuwo.

Kare ne ya zama musu hanyar magana. Lukman ya je wani zangon Abzinawa wajen In-Gall ya dawo da ɗan kwikwiyo a cikin riga, irin dogayen karnukan nan masu ƙafa kamar sanda.

"Kare a gidan da ake salla?" in ji Saratu. "Ka fita da shi tun ban ɗauko muciya ba. Dubi abu kamar tsinke!"

Sunan ya bi shi, Tsinke. Aka yi masa rumfa a waje, jikin katanga. Lukman ya hore shi har ya iya aikinsa: ya kwanta gefen maharbi ko motsi babu, da jin ƙarar bindiga ya tashi kamar kibiya, ya je ya jawo dilan. Ya hutar da dattijo hawa da sauka. Daga nan in Muttaka yana son ɗansa ya raka shi, sai ya tsaya tsakar gida ya ce da iska, "A gaya wa mai karen nan gobe za mu fita." Lukman kuma daga ɗaki ya ce, "Tsinke ya ji." Su uku su tafi, su uku su dawo, ba wanda ya ce wa wani uffan, kuma in ka ga fuskar Muttaka ran nan sai ka ce an yi masa albishir.

Sai zinariya ta fito. Samarin Agadas suka yi ta hawa kamiyo, manyan motocin kaya, suna nufar Tchibarakaten, can kusa da iyakar Aljeriya, Lukman ma ya bi. A daidai lokacin ne kuma irin harsashin da bindigar ke ci ya fara wuya. Ɗan kasuwar da ke kawowa daga Yamai ya daina, Muttaka ya koma lallaɓa ragowar da ke hannunsa. Lukman ya san da haka.

Da ya zo hutun babbar salla ya kawo wa uwarsa turmin atamfa da shayi. Na uban kuwa bai miƙa masa hannu da hannu ba, ya ajiye a bakin zaure ya wuce. Ƙunshin harsashi ne, ya saya wajen fataken arewa. Ya auna bakinsu da tsohon kwanson harsashin ubansa da ya tafi da shi a aljihu, ya ga daidai suke, ya biya da gumin ramin da yake tono.

Muttaka ya buɗe. Hancinsu dogo, an shafa masa koren fenti. Ya ɗora ɗaya a tafin hannu, ya ji ya fi nasa nauyi. Nan take ya gane ba irin wanda bindigarsa ke so ba ne. Amma Lukman na tsaye bayan ƙofa, wai yana gyara igiyar kare, kunnensa duk yana zaure.

"Allah ya yi albarka," in ji Muttaka da ƙarfi, yana kallon bango. "Wanda ya kawo wannan ya san kaya."

To wa zai kafa kwali ya gwada tsaraba mai tsarabar na gari? Kamar a ba ka tuwo ne ka sunsuna kafin ka ci. Ya ce a ransa in yaron ya koma zai gwada. Yaron ya koma. Yau da gobe, yau da gobe, sai ga waya daga wani abokin aikinsa: ramin ya rufta da mutum uku, Lukman na ciki. Can aka yi musu sutura. Ko hularsa ba ta dawo gida ba.

Muttaka ya karɓi gaisuwa kamar yadda ake son uban ɗan fari ya karɓa, ido a bushe, yana cewa kowa "sai haƙuri" kamar su aka yi wa rasuwar. Da mutane suka watse ya ɗauki tabarmarsa ya shimfiɗa kusa da rumfar Tsinke. Daga ran nan can yake hutun rana. Maƙwabta kan ji shi yana magana ƙasa-ƙasa, yana ba kare labarin farashin gero da ciwon gwiwarsa, duk hirar da bai yi da mai karen ba. Saratu da ke cewa za ta ɗauko muciya, ita ce ta koma jiƙa ƙanzo da romo tana miƙawa ta kan katanga. Ba su da kabarin da za su ziyarta. Tsinke suke da shi.

Harsashin kuwa ya sa a akwati. Sau da yawa yakan ɗauko kwali, ya ɗauko ɗaya, ya jujjuya shi, ya mayar. Saratu ta taɓa tambayarsa. Ya ce, "Hannunsa ya taɓa kowane ɗaya. In ƙone shi a kan kwali?"

Tsofaffin harsasansa suka ƙare. Ya rataye bindiga, ya ce ya huta.

Ana nan sai ga Zakari, wani mai garka a bakin kwarin, abokin wasansa tun suna yara, ya zo a kan jaki yana faɗa tun daga bakin lungu.

"Ina tsohon maƙerin nan? An ce ka tuba ka koma limamin karnuka!"

"Sauko, mai warin albasa. Jakin ma ya gaji da kai."

Zakari ya sauko, amma bai yi dariya ba. Wani dila ne ya addabe shi. Da rana tsaka yake shigowa, ya ciji 'yan awaki ya bar su, ko ci ba ya yi. An jefe shi da dutse, ya tsaya yana kallon mutane.

"Jikokina suna kai awaki ruwa ta nan, Muttaka. In ya gama da awaki wa zai koma wa?"

 Dilan da ba ya tsoron rana, ba ya tsoron mutum, Muttaka ya san abin da hakan ke nufi.

"Ba ni da harsashi."

"Ƙarya kake, Allah ya shirye ka. Duk Dagmanet an san yaron ya kawo maka."

Ba yadda zai ce na yaron ba su da kyau. Bakinsa ba zai iya ba. Ya shiga ya ɗauko akwatin. Da zai fita Tsinke ya ga bindiga ya fara tsalle yana kuka, wata nawa bai ga daji ba. Saratu ta leƙo.

"Malam, ka bar shi gida mana, tunda ka ce dilan ba lafiya ne da shi ba."

"Mataccen dila ba ya cizo," in ji Muttaka, ya kwance igiyar.

Da hantsi suka hau dutsen da ke kallon garkar. Ba su daɗe ba sai ga dilan can ƙetaren busasshiyar ƙorama, yana tafe yana karkata kai. Muttaka ya saki rairayi, iska ba ta da ƙarfi. Ya sa harsashi mai koren hanci, ya yi bisimilla, ya ɗora layin madubi bayan kafaɗar dilan inda ya saba ɗorawa, ya ja.

Dilan ya yi juyi ya faɗi. Sai ya ɗago kai.

Muttaka ya kai hannu wuyan Tsinke, ya damƙi iska. Karen ya riga ya tafi, aikin da aka koya masa yake yi. Dattijo ya miƙe tsaye kan dutse yana ƙwala kira har muryarsa ta dushe. Yana gani ta madubi lokacin da Tsinke ya sunkuya zai kama wuya, dilan ya zabura ya cafke shi a hanci. Suka yi ta birgima cikin yashi. Ba halin ya sake harbi, sun cakuɗe.

Tsinke ne ya yi nasara. Ya jawo gawar har gindin dutse, ya ajiye gaban maigidansa, jini na zuba daga hancinsa da wuyansa, yana kaɗa wutsiya yana jiran a yaba masa. Raunin harsashin yana can a cinyar dilan, nesa da inda aka nufa, dogo kamar an tsaga da wuƙa. A kaikaice ya shiga.

"Inna lillahi," in ji Zakari. "Muttaka, dubi bakinsa."

Kumfa ce, har ƙirji.

Suka ɗaura leda a hannu suka wanke raunukan da sabulu, suka aika aka kira Amadou, ma'aikacin likitan dabbobi. Ya zo a kan babur, ya dubi dilan, ya dubi karen.

"Baba, an taɓa yi masa allurar rigakafin haukan kare?"

"Ban san ana yi ba, ɗana."

Amadou ya cire hula ya shafa kai. "Bon. Ba zan ɓoye maka ba. Cizon fuska ne, kusa da kai. In ciwon ya shiga ba shi da magani. Abin da ya dace a gama da shi yau."

"In kuma bai shiga ba?"

"Allah na iya komai, Baba. Amma ba zai koma cikin unguwa ba."

Aka ɗaure Tsinke da sarƙa a gindin wata aduwa, can ƙarshen garkar Zakari inda yara ba sa zuwa. Kullum da safe Muttaka kan taka da ƙafa daga Dagmanet, da kwanon ƙanzo a hannu, ya tura masa da sanda, ya zauna nesa kaɗan su yi hirarsu. A cikin kwanakin nan ne ya kafa kwali. Na farko ya huda gefe, dogon huji. Na biyu ko kwalin bai taɓa ba. Ya daɗe zaune yana kallon kwanso biyun a tafinsa, sannan ya sa su a aljihu.

Raunukan suka warke. Tsinke ya ci, ya sha, ya yi ƙiba ma. Saratu ta soya waina ta raba sadaka. Wata ya kusa cika, Muttaka ya fara cewa in an sauko Juma'a zai je ya roƙi Amadou a sake shi. Har wasa ya dawo tsakaninsa da Zakari.

Ran Laraba ya iso ya ji wani haushi da bai sani ba, a shaƙe, kamar daga cikin tulu. Tsinke ya tone gindin aduwar, yana tauna sarƙa, yana tauna duwatsu, haƙoransa sun kakkarye. Ƙanzon jiya na nan. Ya dubi kwanon ruwa ya matso, maƙogwaronsa ya ƙi, ya ja da baya yana rawar jiki. Muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba.

Amadou ya zo ya tsaya daga nesa. Ya ce ba mai iya matsawa ya yi masa allurar barci, kuma in aka bar shi zai yi kwanaki yana wannan azaba. "Ko kai, Baba, ko in kira jandarma."

"Ba ni bindigar," in ji Zakari. "Je ka gida wajen Saratu."

"Kai? Kai da ba ka iya samun tulu a tsakar ɗaki ba?" Muttaka ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Nawa ne. Ku matsa."

Ya juya ya hau tudun da ke ƙarshen garkar, don duk rayuwarsa daga nesa yake kashewa, bai taɓa harbin abin da ke kallonsa ba. Ya kwanta. Ya sa ido a madubi, sai ga fuskar Tsinke ta cika gilashin, da tabon hancin, da kunnen da ya tsage tun yana kwikwiyo. Ya ɗora yatsa. Sai ya tuna kwalin. Daga nan harsashin zai iya karya masa ƙafa, ko ya farka masa ciki, ko ya wuce ya bar shi da firgita. Wannan harsashi a wannan bindiga, wuri ɗaya kawai yake da gaskiya, kusa, kafin ya sami hanyar da zai yi tangaɗi.

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya sauko yana tafiya a hankali tsakanin kunyoyin albasa. Zakari ya kira shi, bai waiwaya ba. Ya wuce inda ya saba zama. Ya wuce inda yake tsayawa ya tura kwano. Tsinke ya zaburo masa, sarƙa ta fizge shi ya faɗi, ya sake tashi. Muttaka ya tsaya daidai inda sarƙar ta ƙare, har yana jin hucin numfashinsa.

"Kwanta," ya ce, da muryar da yake ce masa a kan dutse. "Kwanta, ɗan albarka."

Ko ya gane shi, ko ƙafafun ne suka gaza, Allah kaɗai ya sani. Karen ya yi tsit, ya sauke gindinsa ƙasa, ya ɗago ido. Wutsiyar ta motsa sau ɗaya a cikin ƙura.

Zakari ya ce shi ya rufe ido, ƙarar kawai ya ji, da tashin kurciyoyi daga kan dabino. Da ya buɗe ya ga Muttaka durƙushe, ya jingina goshi da bindigar, kafaɗunsa na girgiza. Mutumin da bai yi hawaye ba ran da aka yi waya daga Tchibarakaten, ran nan har masu ban ruwa na garkar maƙwabta sun ji shi. Ba wanda ya je kusa. Amadou ya tura babur ɗinsa da hannu har bakin hanya kafin ya tayar.

Can Zakari ya ɗauko shebur ya fara haƙa a gindin aduwar. Ƙasar da tauri, ga saiwoyi, shi ma ba yaro ba ne. Da ramin ya kai gwiwa ya tsaya yana haki, ya share gumi da rawani.

"Ya isa haka, ko?"

Muttaka ya ɗago, ya leƙa ramin, ya girgiza kai.

"Ƙara zurfi, Zakari. Dila na tono."

Ya ajiye bindigar a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya karɓi shebur ɗin.